Ciwon Sukari da Ƙiba: Bayani Kan Sababbin Allurai Ga Jama'ar Tamawa da Kewaye

A 'yan shekarun nan labarin wasu sababbin allurai masu saukar da sukarin jini da rage ƙiba ya bazu a duniya, har ya iso ƙauyukanmu ta rediyo da wayar hannu. Ganin haka ne muka ga ya dace mu yi wa jama'ar Tamawa da sauran garuruwan Kurfi da Dutsin-Ma bayani, tare da dagatai da masu unguwanni da kansiloli, domin su isar da shi ga waɗanda ba su samu karantawa ba.

Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ne ya fitar da allurar Ozempic, wadda Amurka ta amince da ita a shekarar 2017 don masu ciwon sukari, sannan Wegovy a 2021 don masu ƙiba. Kamfanin Eli Lilly na Amurka ya biyo baya da Mounjaro a 2022. Sau ɗaya ake yin su a mako. Aikinsu shi ne taimaka wa jiki ya fitar da sinadarin insulin bayan an ci abinci, su kuma sa mutum ya ƙoshi da wuri. A gwajin da aka yi wa Wegovy, mutane sun rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a cikin makonni 68. A watan Satumba na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka irin waɗannan magunguna a jerin muhimman magunguna, amma ga wani rukuni na masu ciwon sukari kaɗai, wato masu ƙiba da ke fama da ciwon zuciya ko na ƙoda.

Sai dai likitoci sun ja hankali kan abubuwa da dama. Allurar ba ta raba mutum da ciwon. Waɗanda suka daina ta, mafi yawan ƙibar ta dawo musu cikin shekara guda. Tana jawo tashin zuciya da amai da gudawa, ba a kuma yi wa mai juna biyu. Ga tsada wadda ta fi ƙarfin manomi. Har ila yau, a watan Yuni na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama jabun Ozempic a Birazil da Birtaniya da Amurka. Idan jabu ya shiga waɗannan ƙasashe, to, kada wanda ya karɓi allura a hannun ɗan talla ranar kasuwa. Duk maganin da za a saya, a duba lambar hukumar NAFDAC a jikinsa.

A ganinmu, babbar matsalar karkara ita ce rashin sanin ana ɗauke da ciwon. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba su san suna da shi ba. Mutum zai yi ta yawan fitsari da ƙishirwa, yana ramewa alhali yana cin abinci, ganinsa na raguwa, ya ce shawara ce ko basir ko sammu. Sai ƙaya ta soke shi a gona, ƙafar ta zama gyambon da ya ƙi warkewa, sannan a kwashe shi zuwa Babban Asibitin Dutsin-Ma ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wani lokaci bayan ƙafar ta riga ta lalace. Alhali gwajin ɗigon jini ɗaya ne daga ɗan yatsa, da safe kafin a karya kumallo. Idan sakamako ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, aka sake gwadawa wata rana ya maimaita, ciwon ya tabbata.

Mafi yawan manya da aka gano suna da shi, da ƙwayar metformin ake fara musu, tsohon magani mai sauƙin kuɗi. Yaran da ciwon ya kama tun suna ƙanana kuwa, insulin ne rayuwarsu, kuma babu sassaƙe ko jiƙon da zai maye gurbinsa. Rashin firiji ba dalilin barin sa ba ne: binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba suka wallafa a 2021, bisa yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya nuna insulin ɗin da aka buɗe yana riƙe ƙarfinsa makonni huɗu a zafin da ke sauka da tashi tsakanin 25 zuwa 37. A bazararmu zafi kan wuce haka, don haka a sa kwalbar cikin tulun ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, a ajiye a inuwa.

Game da ƙiba, mun san a wurinmu ana ɗaukar teɓa alamar hutu da wadata, har wasu mata da 'yan mata na shan ƙwayoyin nan da ake kira "sha ka fashe" gabanin biki. Wasu daga cikin ƙwayoyin suna tayar da sukarin jini da hawan jini. Abin mamaki, wasu na kashe dukiya don su rame, namu na biya don su kumbura. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna waɗanda ke dab da kamuwa, da aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Wannan bai buƙatar kuɗi: a rage malmalar tuwo, a ƙara wake da zogale da kuɓewa, a sha fura ba sukari, a rage lemon kwalba da shayi mai zaƙi, a taka da ƙafa inda ba lallai sai an hau babur ba.

Muna kira ga shugabannin al'umma da limamai su ƙarfafa wa duk wanda ya haura shekara 40, ko mai ƙiba, ko wanda ciwon ke cikin danginsa, ya je a gwada shi a cibiyar lafiya mafi kusa. Mai shan magani da ke niyyar azumin Ramadan ya ga ma'aikacin lafiya tun cikin Sha'aban, domin a daidaita masa lokutan shan maganin.