Yadda abinci ya juya akalar yaƙi a ƙasar Zamfara zamanin jihadi

Masana tarihi kan fara bayanin dabarun yaƙin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne daga karon Tabkin Kwatto na watan Yunin 1804.

A can ne rundunar Sarkin Gobir Yunfa, mai barade da dawakin lifidi, ta gamu da jama'ar Shehu ƙarƙashin jagorancin ƙanensa Abdullahi. Dawakin jama'ar ba su wuce ashirin ba. 'Yan baka ne suka tsaya wuri guda, suka yi ta ruwan kibau har sahun Gobirawa ya watse.

To amma kibiya ba ta fasa ganuwa. A ƙarshen wannan shekara jama'ar ta doshi Alƙalawa, babban birnin Gobir, sai Gobirawa da Azbinawa suka auka mata a Tsuntsuwa, inda aka kashe mutum kimanin 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kusan 200.

Daga nan ne batun ciki ya zama babbar dabara. A 1805 Shehu ya kai sansaninsa Sabon Gari a ƙasar Zamfara, inda akwai hatsi da makiyaya, akwai kuma tsohuwar gaba, domin Zamfarawa ba su manta da yadda Sarkin Gobir Babari ya rushe Birnin Zamfara a shekarun 1760 ba. Da wannan sansani a bayansu ne mayaƙan suka ci Birnin Kabi a watan Afrilu, kafin a koma Gwandu.

Sai dai ƙawancen bai daɗe ba. Rundunar ba ta da rumbu nata na kanta, don haka abin da ta ci daga rumbunan manoman da suka sauke ta ya fito, sau da yawa kuma da ƙarfi. Wannan, fiye da duk wata hikimar Yunfa, shi ya sa garuruwan Zamfara da dama suka juya baya. A ƙarshen 1805 Gobirawa da Kabawa da Azbinawa suka yi wa jama'ar mummunar ɓarna a Alwasa, har sai da aka tare su a Gwandu.

Abin ya sake juyawa a 1806, lokacin da Namoda ya karya Gobirawa da ƙawayensu a Fafara kusa da Zurmi. Wannan ya raba Alƙalawa da masu kawo mata ɗauki, kuma a 1808 Muhammadu Bello ya haɗa rundunoni suka kewaye birnin, ya faɗi, aka kashe Yunfa.

Sarautar Zamfara kuwa daga baya ta zauna a Anka, wadda garin Bagega ke cikin ƙasarta a yau.