Inda ƙugiyar harafi take ɓacewa

Duk wanda ya saba kai rubutun Hausa ko Fulatanci shagon buga takardu a Jimeta ya san abin. A wayarsa ya rubuta Laamiiɗo daidai, a kwamfutar shagon sai ya fito LaamiiÉ—o, ko wani ɗan akwati ya zauna a gurbin ɗ.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Tsarin ASCII da Amurka ta fitar a 1963 gurbi 128 gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, alhali maɗaba'ar Gaskiya a Zariya ta daɗe tana buga su. Da Unicode ya zo a 1991, kowannensu ya sami lambarsa a cikinsa. Tsarin UTF-8 yana ajiye ɗ a lambobi biyu manne da juna. In manhaja ta karanta su da tsohon tsarin Windows-1252, sai ta raba su, ta ba kowace lamba harafinta, É da — su fito. Akwatin kuwa ciwonsa daban: lambar ta iso lafiya, salon rubutun da ke na'urar ne ba shi da zanen harafin.

Abin da ya fi damuna shi ne saƙon tes. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 muddin duk suna cikin jerin GSM. Da ƙ ɗaya ta shiga, sai waya ta koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal. A ce za a gargaɗi ƙauyukan bakin Binuwai cewa an buɗe madatsar Lagdo, kamar yadda aka yi a 2012 da 2022: saƙon da zai tafi sau ɗaya da Turanci, in an fassara shi zuwa Hausa ko Fulatanci, sai ya tafi kashi uku, kuɗinsa ya ninka. Nan ne ake ce wa mai fassara ya cire ƙugiyoyin, daga baya kuma a zarge shi da sakaci. Wannan ba adalci ba ne. Hukumar da ta ba da aikin ita ya kamata ta ware kuɗin, ta kuma gwada saƙon a ƙaramar waya irin ta manomi kafin ta aika.

Masu rubuta Fulatanci da Adlam, haruffan da Ibrahima da Abdoulaye Barry suka ƙirƙira a Gini, sun fi shan wahala. Sai a 2016 rubutunsu ya shiga Unicode, kuma kowane harafi gurbi biyu yake ci, don haka saƙonsu ɗaya ba ya wuce harafi 35.