Ziyarar Badagiri Da Iyali: Abin Gani Da Abin Kiyayewa

Jama'a, idan an gama girbi, yara kuma sun sami hutun makaranta, wasu magidanta kan kai iyalinsu ziyarar 'yan'uwa a Ikko. Duk wanda ya sami wannan dama, yana da kyau ya ware yini guda ya kai yara Badagiri su ga teku.

Badagiri tsohon gari ne a bakin tekun Atilantika, cikin Jihar Legas. Yana yamma da birnin Ikko, a kan hanyar zuwa Seme, wato iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin. Mutanen garin na asali ana kiransu Egun. An san su da kamun kifi da noman kwakwa. Garin yana da tsohuwar alaƙa da Arewa. Daga nan ne Bature Kilafatan ya taso a shekarar 1825, ya bi ta Kano har ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A can ya rasu a 1827.

Abin da za a fara gani shi ne tsohon benen da 'yan mishan suka kammala a 1845. Ana yi masa laƙabi da bene na farko a Nijeriya. Sai gidan adana kayan tarihi na garin, wanda aka gina shi a 1863 a matsayin ofishin Turawa.

Amma babban darasin yana gidajen bayi. Shekaru aru-aru Badagiri tana cikin tashoshin da ake lodin bayi zuwa ƙasashen Amurka. A gidan Seriki Abass akwai ƙananan ɗakuna inda ake tsare mutane kafin jirgi ya zo. Yara za su ga sarƙoƙi da mari da idonsu. A gaya musu cewa cikin bayin da aka kwashe daga wannan yanki zuwa Barazil har da Hausawa.

Daga nan sai a shiga kwale-kwale a haye zuwa tsibirin Gberefu. Za a yi ɗan tattaki cikin rairayi har zuwa bakin teku. Nan ne wurin da ake kira "in ka je ba dawowa", domin daga nan bawa ba ya sake ganin gida.

To, a nan ne ake son maigida ya buɗe ido. Teku ba kogi ba ce, ba kuma kududdufi ba ce. Ruwanta yana cikowa yana janyewa kusan sau biyu a kwana ɗaya, saboda jan da wata ke yi masa. Wurin da ka gani busasshe da hantsi yana iya cika da ruwa kafin la'asar. Haka kuma igiyar ruwa idan ta bugi gaɓa, takan koma da ƙarfi ta zare rairayin da ke ƙarƙashin ƙafa. Ko gwanin iyo a kogi tana iya kayar da shi.

Saboda haka a kiyaye waɗannan abubuwa:

1. Kada a shiga kwale-kwale sai kowa ya sa rigar hana nutsewa, kuma a ƙi wanda aka cika maƙil.
2. Kowane ƙaramin yaro ya kasance hannunsa yana cikin hannun babba.
3. A tsaya daga gefe, kada a juya wa teku baya.
4. Idan ruwa ya ja wani, a yi ihu a kira masunta. Kada wanda bai san teku ba ya faɗa.
5. A riƙe ruwan sha, domin na teku gishiri ne, ƙara ƙishirwa yake yi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwan sama ya yi sauƙi. A tashi da sassafe saboda cinkoson motoci, a tanadi kuɗin shiga da na mai jagora, kuma a daidaita farashi tun kafin a fara. Yara su tafi da littafi da fensir, su rubuta abin da suka gani, domin su karanta wa na gida idan an dawo. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.