Kafin Ka Fesa Wa Harawarka Taki, Dubi Injin Feshinka

Tun da kuɗin buhun taki ya fi ƙarfin talaka, manoma da masu kiwo da yawa suka koma ga takin da ake damawa da ruwa a fesa wa ganye. Dabarar ba ta da aibu. Ganye yana shan abinci ta jikinsa, shi ya sa wake ko gyaɗa ko ciyawar kiwo da suka fara rawaya kan farfaɗo cikin 'yan kwanaki idan aka fesa musu. Ganye ya yi yawa, harawa ta yi kore shar, damminta ya yi daraja wurin masu turkar ragon layya. Aibun yana ga gangancin masu feshin.

Babbar ɓarnar daga inji take fitowa. Injin goyo guda ne a gida, ko a unguwa gaba ɗaya. Da shi aka kashe ciyawa farkon damina, shi maƙwabci ya ara ya fesa wa shinkafarsa 2,4-D, kuma shi ne za a zuba wa taki a nufi gonar wake. Alhali 2,4-D an yi shi ne don kashe tsiro mai faɗin ganye, wake da gyaɗa kuwa cikinsu suke. Ragowarsa kaɗan ta isa ta murɗe ganye, ta tsayar da yaɗo, ta zubar da fure. Sai mai gona ya koma yana zagin mai shago wai ya sayar masa da jabun taki. Wani zai ce ai ya ɗauraye tankin. Ɗauraya ɗaya ba ta fitar da abin da ya maƙale a tiyo da matata da bakin feshi. Mai hali ya ware inji biyu, ya yi wa na maganin ciyawa alama da fenti. Wanda ba shi da hali ya wanke da garin sabulu, ya tunkuɗa ruwan ta baki har sau uku, ya gwada a kan kunya ɗaya, ya jira kwanaki kafin ya bi gonar duka.

Sai awo. Yuriya tana ɗauke da kashi 46 cikin 100 na sinadarin naitirojin, ƙarfinta ba wasa ba ne. Giram 150 zuwa 300 sun ishi tanki mai lita 16. Mai zuba gwangwani biyu don ganye ya yi sauri, kuma da tsakar rana, ƙona gonarsa yake yi da kuɗinsa. A yi feshi da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da babu iska kuma hadari bai taso ba. Masu cewa feshi ya ɗauke musu sayen taki su ma sun yi kuskure, domin abin da ganye ke iya sha kaɗan ne. Wake da gyaɗa sufa suka fi buƙata, ita kuwa a ƙasa ake sa ta tun wajen shuka, tare da takin gargajiya.

Abin da ya fi muni shi ne haɗa maganin ƙwari a tankin, sannan a yanki ganyen washegari a zuba wa dabbobi. Kwalbar maganin tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira kafin yanka. Wanda bai iya karantawa ba ya kai wa malamin gona ya duba masa, tun kafin ya kai ga neman likitan dabbobi.