Kalmomin “Borrow” da “Lend” a Ingilishi: Ma’ana da Nahawu

Duk malamin da ya koyar da Ingilishi a ƙasar Hausa ya sha jin ɗalibi yana cewa “Borrow me your pen”. Galibi akan ja masa layi da jan biro a wuce, ba tare da an bayyana masa tushen kuskuren ba.

Waɗannan aikatau biyu suna bayyana al’amari guda ne ta fuskoki biyu. A “lend”, aikau shi ne mai bayarwa. A “borrow” kuwa, aikau shi ne mai karɓa. Daga nan ne bambancin nahawunsu ya taso. “Lend” yana iya ɗaukar karɓau biyu, kaikaitau da kai-tsaye, kamar a “Audu lent me a book”. “Borrow” karɓau ɗaya yake ɗauka, mai kayan kuma sai ya biyo bayan “from”: “I borrowed a book from Audu”. Idan aka ce “Borrow me a book”, ma’anar da za ta fito ita ce a je a aro mini littafi wurin wani dabam.

Hausa ba haka ta raba al’amarin ba. Saiwa ɗaya ce take aikin duka biyu: “Na ari littafi” da “Ya ara mini littafi”. Sauyin wasalin ƙarshe da shigowar “mini” ko “wa” su ne suke nuna inda kayan ya dosa, abin da ya danganci tsarin giredin aikatau da F. W. Parsons ya shimfiɗa a 1960. Ɗalibin, ashe, “ara mini” ya fassara daidai wa daida.

Abin lura shi ne Hausa tana da nata rabon da Ingilishi ba shi da shi. Aro ya shafi abin da za a mayar da shi kansa, kamar fartanya ko keke. Rance kuwa ya shafi abin da za a biya da makamancinsa, kamar kuɗi ko hatsi. Bature “borrow” yake cewa a duka biyun. A ganina, da za a fara darasin da aro da rance, ɗalibi zai fi saurin gane cewa kowane harshe da wurin da yake kafa iyakarsa, sannan a kawo masa “from” da karɓau kaikaitau.