Sagewar ƙafa da minjirya lokacin gudu ko doguwar tafiya: wacce ta takalmi ce, wacce ta asibiti

Tambaya ɗaya tana ta dawowa gare mu daga iyalan da suka sauka a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yawunde da aka fi sani da Brik. Samari masu buga ƙwallo ko masu fita sassarfa zuwa Mont Fébé a ƙarshen mako suna cewa bayan ɗan gudu sai yatsunsu su sage. Masu talla da masu turin amalanke suna faɗin haka, har da iyaye mata masu hawa da gangara da kaya a kai. Wani ya ce kamar ana tsira masa allura, wata ta ce kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafarta. A gida minjirya muke ce mata, sunan kifin nan mai jan mutum idan ya taɓa shi. Sau da yawa abin ba ciwo ba ne, amma akwai lokacin da shi ne alamar farko ta cutar da kan kai ga yanke ƙafa.

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗauke da abu biyu. Akwai jijiyar jini, akwai kuma jijiyar da ke kai saƙon ji daga fata zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Ta biyun ce ke sagewa. Idan aka danne ta, ko jinin da ke ciyar da ita ya ragu, sai saƙon ya rikice ko ya yanke. Shi ne abin da ke faruwa ga wanda ya daɗe a zaune kan ƙafarsa a masallaci: ya miƙe, ya ɗan taka, ta warware.

A wajen gudu, takalmi ne mai danna ta. Ƙafa tana ɗan kumbura idan ta yi aiki ta ɗauki zafi, saboda haka kambas ɗin da ya yi daidai da safe kan matse bayan rabin awa. Jijiyoyin da ke bi ta saman ƙafa ba su da naman da zai kāre su, suna kwance ne tsakanin fata da ƙashi, daidai wurin da igiyar takalmi ke gittawa. Garin nan kuma tudu da gangare ne. A gangara ƙafa tana zamewa gaba, yatsu su riƙa dukan bakin takalmi. Mun san mafi yawanmu gwanjo muke saye a kasuwar Mokolo (ta nan Yawunde, ba garin Mokolo na kusa da sansanin Minawao ba), kuma abin da kuɗi ya kai shi ake ɗauka. Duk da haka ku gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta riga ta cika, da safar da za ku riƙa sawa. Ku tsaya a tsaye, ku tabbatar akwai fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmin. Wanda samansa ke sagewa ya sassauta igiya, ko ya tsallake ramin da ke kan wurin da ke danna shi. Yara suna girma da sauri. Takalmin bara ko wanda aka gada daga wa ba lalle ya shige su bana ba, kuma yaro ba zai faɗa ba don kada a hana shi ƙwallo.

Ga yadda za ku gane ta takalmi: tana zuwa ne bayan an fara gudu, kuma idan aka tsaya aka cire takalmi tana wucewa cikin 'yan mintuna. Idan wuri guda take kamawa kullum, misali tsakanin yatsa na uku da na huɗu tare da jin kamar akwai tsakuwa a takalmi, wataƙila jijiyar wurin ta yi kauri saboda yawan matsi. Idan daga kwankwaso take saukowa ta bayan cinya har ƙafa, asalinta a baya yake, kuma masu dako sun fi haɗuwa da ita. Idan ƙwauri ko sha-raɓa kan ɗaure tamau da ciwo a duk gudu sannan ƙafa ta sage, a huta da gudun tukuna. Waɗannan ukun suna bukatar likita ya duba, amma ba na gaggawa ba ne.

Wadda ta fi damun mu ita ce wadda ba ta tafiya. Ƙafafu biyu tare, tana farawa daga yatsu tana hawa a hankali kamar ana sa safa, tana ƙaruwa da dare har tafin ƙafa ya riƙa zafi kamar an taka garwashi. Wannan ba ruwanta da takalmi, gudu ya tona ta ne kawai. Abu na farko da ake nema shi ne ciwon suga, domin kusan rabin masu shi jijiyoyinsu kan taɓu idan shekaru suka ja, kuma mutum na iya ɗaukarsa shekaru bai sani ba. Ba ciwon masu ƙiba ko masu kuɗi kaɗai ba ne. Gwajinsa ɗigon jini ne daga yatsa, da safe kafin a ci komai. Idan ya kai gram 1.26 a lita, kamar yadda ake rubutawa a nan Kamaru, wato 126 a ma'aunin da wasu suka saba da shi a Najeriya, za a maimaita don a tabbatar. Babban asibitin Hôpital Central, da ba shi da nisa da unguwarmu, yana da sashen masu ciwon suga. Masu wannan ciwo da maganinsu ya yanke a hanyar gudun hijira, kada ku jira sai ƙafa ta yi gyambo kafin ku koma kansa.

Abinci ma yana da hannu. Jijiya tana bukatar sinadaran bitamin B1 da B12. Wanda ya yi watanni kan farar shinkafa ko garin rogo zalla yana iya rasa na farkon. Wake, gyaɗa, da gero ko dawa da ba a surfe su ƙal ba suna mayar da shi. Na biyun a nama, hanta, kifi, ƙwai da nono ake samunsa, kuma wanda ya daɗe yana shan metformin na suga yana iya ƙarancinsa. Iyalan da suka zo daga Afirka ta Tsakiya sun san hatsarin rogo mai ɗaci da ba a jiƙa sosai ba: a 2007 da 2008 an sami ɓarkewar cutar konzo, mai sandarar da ƙafafu, a tsakanin 'yan gudun hijira a Jihar Gabas. A jiƙa shi kwana uku zuwa huɗu, a shanya ya bushe sarai. Yawan shan giya shi ma yana cin jijiya.

Masu shan maganin tarin fuka su sani cewa isoniazid da ke cikinsa kan jawo minjirya, musamman ga masu juna biyu, masu shayarwa, masu suga da masu ƙanjamau. Kada ku daina maganin. Ku faɗa wa mai ba ku shi, akwai ƙwayar bitamin B6 da ake haɗawa don haka. Sai kuma kuturta, wadda jama'a ba sa son a ambata. Tabo a fata mai haske fiye da sauran jiki, wanda ba ya jin taɓi, shi ne alamarta. Tana warkewa, maganin kyauta ne, wata 6 ko 12, kuma wanda ya fara sha ba ya yaɗa ta ga iyalinsa. Ɓoyewa ce ke cinye yatsu.

Akwai gwajin da za ku yi a ɗaki ba kuɗi. Mutum ya cire takalmi ya kwanta ya rufe ido. Wani ya taɓa kan babban yatsa, da na tsakiya, da ƙarami, a kowace ƙafa, taɓi mara nauyi na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ban da dannawa ko sosawa. Shida ke nan. Idan bai ji biyu ko fiye ba, a kai shi a duba. Ku yi wa tsofaffinku, su ne ba sa kawo kuka.

Ƙafar da ba ta ji tana jin rauni mai ita bai sani ba, kuma daga ƙaramin rauni gyambo ke tashi. Don haka ban da gasa ta da ruwan zafi ko kusantar da ita ga murhu, ban da tsaga, ƙaho ko sakiya, ban da yanke kanta da reza. Da girmamawa ga wanzamanmu muke faɗin haka, amma rauni a ƙafar mai suga ba ya warkewa da wuri. Alwala dama ce sau biyar a yini: ku duba tafin ƙafa, faso a diddige da tsakanin yatsu, ku tsane su da kyau. Ku zazzage takalmi kafin ku sa, kuma kada ku taka tsakar gida ko bakin kwata ƙafa ba takalmi, musamman da damina.

Waɗannan kuwa ba a kwana da su. Ɓarin jiki ɗaya ya sage farat ɗaya, baki ya karkace ko magana ta sarƙe. Sagewa ta kama tsakanin cinyoyi, fitsari ko bayan gida ya riƙa kufcewa ko fitsarin ya ƙi fita. Rauni yana hawa daga ƙafafu zuwa sama cikin 'yan kwanaki. Ƙafa ɗaya ta yi sanyi ƙalau da ciwo mai tsanani, launinta ya canza. Gyambo mai wari ko yatsa ya yi baƙi. Haka nan duk yaron da bai kai shekara 15 ba da ƙafarsa ta saki kwatsam, a sanar da cibiyar lafiya ranar, domin a gwada shan inna.

Idan za ku je asibiti, ku riƙe katinku na ɗan gudun hijira ko takardar neman mafaka, da littafin asibiti, da duk magungunan da kuke sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya. Ku tafi da takalmin da kuke gudu ko aiki da shi. Wanda bai iya Faransanci ba ya nemi mai yi masa tafinta, kuma ya shirya amsar abu uku da za a tambaye shi: yaushe abin ya fara, ƙafa ɗaya ce ko biyu, kuma yana wucewa idan an huta ko ba ya wucewa.