Idan karatu ya fara gagarar ka a jami'a: wa za ka gani, kuma yaushe?

Ba kowane ɗalibin da makinsa ya faɗi ne malalaci ba. Sau da yawa faɗuwar maki ita ce alamar farko da ake gani idan ciwon damuwa ko fargaba ya kama matashi. Yawancin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna somawa ne kafin shekara 25, wato daidai lokacin da mutum yake jami'a, nesa da gida, ga kuɗin makaranta, ga jarrabawa.

Alamomin da ya kamata ka lura da su

Je ka ga likita idan ka yi mako 2 ko fiye kana fama da wasu daga cikin waɗannan:
- baƙin ciki kusan kullum, ko abin da kake so a da ya fita daga ranka
- rashin barci ko yawan barci, da canjin cin abinci
- karanta shafi ɗaya sau da yawa ba tare da ka riƙe komai ba
- gudun aji da gudun abokai
- faɗuwar gaba da rawar jiki idan jarrabawa ta matso
- shan tiramadol ko kodin don "ƙarin ƙarfi" ko samun barci

Ƙarancin jini, matsalar maƙoƙo da ciwon sikila su ma suna kawo kasala da raunin tunani. Shi ya sa gwajin jini yake cikin abin da likita zai iya nema.

Ƙofofi uku, kowace da aikinta

Ta farko ita ce malamin da ke kula da ajinku, wanda ɗalibai ke kira lebul kodineta. Shi ya san ƙa'idojin rajista, da maimaita kwas, da yadda ake jingine karatu.

Ta biyu ita ce sashen ba da shawara, wanda galibi yake tare da ofishin kula da harkokin ɗalibai. A nan za a saurare ka, a taimaka maka da tsarin karatu da hanyoyin rage damuwa.

Ta uku ita ce asibitin makaranta. Likita ne kaɗai zai tabbatar da ciwo, ya rubuta magani, ko ya tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri.

Matsalar ita ce ƙofofin nan ba lallai su san abin da juna ke yi ba. Likita zai iya ba ka hutu, amma sashenku bai da labari, sai a rubuta ba ka zauna jarrabawa ba. Don haka kai ne za ka haɗa su:
1. Karɓi takardar shaidar likita tun ranar da aka duba ka. Idan a waje aka duba ka, kai ta asibitin makaranta a tabbatar da ita.
2. Rubuta wa shugaban sashenku ta hannun kodineta, kafin jarrabawa, ba bayan sakamako ya fito ba.
3. Riƙe kwafin kowace takarda da aka sa wa hannu da kwanan wata.
4. Tambayi asibitin makaranta abin da inshorar lafiyar ɗalibai ta TISHIP ta ɗauke maka.

Sirrinka fa?

Abin da ka faɗa wa likita ko mai ba da shawara amana ce. Sashenku yana buƙatar sanin cewa ba ka da lafiya da tsawon hutun da aka ba ka, ba duk abin da ka faɗa ba. Ana sanar da wani ne idan rayuwarka ko ta wani tana cikin haɗari.

Idan an ɗora ka a kan maganin damuwa, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ka fara jin sauƙi. Kada ka daina sha don ka ji dama. Galibi ana ci gaba aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi.

Ga iyaye da 'yan'uwa

Idan ɗanku ko 'yarku ta dawo da sakamako mara kyau, ku fara da tambaya kafin faɗa: "Kina samun barci? Me yake damun ki?" Gori da kwatanta yaro da 'ya'yan maƙwabta suna sa ya ƙara ɓoyewa. Addu'a da zuwa asibiti ba sa cin karo. Jingine karatu na zango ɗaya bisa ƙa'ida ya fi a kori ɗalibi saboda maki.

Abin da ba ya jira

Idan ɗalibi ya ce ya gaji da rayuwa, ko yana sallama da mutane, ko ya fara jin muryoyin da wasu ba sa ji, kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a ranar. Tambayar sa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin. Takan ba shi damar buɗe baki ne.